Sarkin Gwandu Haruna Rashid: Rayuwarsa, gidansa, da yadda ikon sarauta ya koma hannun gwamna

A ranar Laraba, 4 ga Yuni, 2025, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta rufe shari'ar sarautar Gwandu, bayan shekara 20 ana kai-kawo tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja. Alƙalai uku cikin biyar suka yanke cewa Alhaji Almustafa Haruna Jokolo ba zai koma gadon da aka sauke shi daga kai a 2005 ba. Da yawa sun ɗauki labarin a matsayin rikicin mutum biyu masu neman rawani ɗaya. Amma duk mai son ya gane yadda aka zo nan, sai ya koma ga mahaifin Jokolo, wato Sarkin Gwandu na 18, Alhaji Haruna Rashid, wanda ya yi shekara 41 a kan gado.

Haruna ya hau sarauta a 1954, lokacin da sarki yake da kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. Ya rasu a 1995, lokacin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a hannun sarki. A tsakanin shekarun nan ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, ya ga tafiyar Turawa, ya ga juyin mulki iri-iri, ya kuma ga masarautarsa ta zauna a ƙarƙashin jihohi huɗu ba tare da fadarsa ta gusa ko taku ɗaya ba. A cikin rayuwarsa da ta gidansa ake ganin yadda iko ya bar fada ya koma gidan gwamnati.

Asalin gidan

Gidan sarautar Gwandu ya samo asali ne daga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka haifa wajen 1766. Yana cikin manyan jagororin rundunar Shehu a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805, shekarar da jama'ar Shehu suka mayar da garin Gwandu sansaninsu. Da Shehu ya raba kula da daula wajen 1812, sai ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Ta haka Nufe da Ilori da Yawuri da Sayi da Liptako suka zama masu kallon Gwandu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, wanda ya kafa gidan bai kasance mai sha'awar mulki ba. Wajen 1807 ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ɓacin rai da yadda ya ga wasu sun mayar da jihadi hanyar neman dukiya da muƙami. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa sharuɗɗan shugabanci da haƙƙin talakawa a kan mai mulki. A rubuce-rubucensa ya yi ta gargaɗi kada shugabancin Musulmi ya rikiɗe ya zama mulkin gado irin na sarakunan da aka yaƙa.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a, abin da ya kawo sanyin dangantaka tsakanin baffa da ɗa har sai da yaƙin Kalambaina ya sake haɗa su. Abdullahi ya rasu wajen 1829, hubbarensa yana garin Gwandu. Duk da gargaɗinsa, sarautar ta zama ta gado. 'Ya'yansa biyar suka yi mulki ɗaya bayan ɗaya: Muhammadu, Halilu, Haliru, Aliyu da Abdulƙadir. A zamanin Halilu ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, inda ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Sanwai da Tambutu. Abdulƙadir kuwa shi ne kakan kakan masu riƙe da sarautar a yau, a zamaninsa ne aka ƙulla sulhu da Kabawan Argungu, wanda aka sani da Lafiyar Toga.

Daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar Gwandu ta fara zaizayewa. Kamfanin Neja na Ingilishi ya ci Bida da Ilori a 1897, Faransawa kuma suka mamaye ƙasashen yamma da a yau suke cikin Nijar da Burkina Faso. Da rundunar Lugga ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwandu ta shiga hannun Turawa ba tare da an gwabza ba. Masarautar da a da take naɗa sarakuna a Nufe da Ilori ta koma yanki guda a cikin Lardin Sakkwato.

Shekara uku bayan haka aka yi boren Satiru, a watan Fabrairu na 1906. Turawa suka zargi Sarkin Gwandu na lokacin da goyon bayan masu boren, suka tuɓe shi, suka naɗa Haliru ɗan Abdulƙadir, wanda aka fi sani da Haliru Abdu. Aka kuma ɗauke mazaunin sarki daga Ambursa, inda sarakunan baya suka zauna don tsare iyaka da Kabawa, aka dawo da shi Birnin Kebbi kusa da Baturen mulki. Wannan ne dalilin da ya sa har gobe Sarkin Gwandu yake zaune a Birnin Kebbi, ba a garin Gwandu ba.

Tun daga 1906 sarautar ba ta sake barin gidan Haliru Abdu ba. 'Ya'yansa uku suka gaje shi: Muhammadu Basharu daga 1915 zuwa 1918, Usmanu daga 1918 zuwa 1938, sai Yahaya daga 1938 zuwa 1954. Usmanu yana cikin sarakuna ukun da suka ziyarci Ingila a 1934, tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Yahaya ya zauna a Majalisar Dokokin Najeriya ta Legas a ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, sunansa ne kuma yake kan babban asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi.

A nan akwai abin lura. Reshen da yake mulki a yau ya hau ne bayan wata hukuma daga wajen fada ta tuɓe wani sarki. Saboda haka ikon gwamnati na tuɓewa da naɗawa ya girmi gwamnonin farar hula nesa ba kusa ba. Daga Turawa suka gaje shi.

Ƙuruciya, karatu da aikin En'e

An haifi Haruna a 1913. Ɗa ne ga Sarki Muhammadu Basharu, jikan Haliru Abdu. Yana da kimanin shekara biyar mahaifinsa ya rasu, don haka ya girma ne a zamanin mulkin baffanninsa. Ya yi makarantar elementare a Birnin Kebbi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malaman makaranta. Ya yi zamani a can da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama a 1933, da Ahmadu Bello, wanda ya riga su fita a 1931. 'Yan wannan makaranta ne suka riƙe gwamnatin Arewa bayan shekara 20.

Kamar sauran takwarorinsa, da koyarwa ya fara, har ya koyar a Midil ta Sakkwato. Daga aji sai ya koma aikin baitulmali, da farko a Gusau, a shekarun da Sardauna Ahmadu Bello yake can yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato, daga baya kuma ya dawo gida ya zama ma'ajin En'e ta Gwandu.

Matashin yau zai iya ɗaukar ma'aji a matsayin ƙaramin akawu, amma a tsarin En'e baitulmali shi ne cibiyar mulki. Harajin da aka tara daga talakawa da jangalin da aka karɓa daga makiyaya can suke shiga. Bayan an cire kason gwamnati, daga abin da ya rage ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka, a gyara hanya, a gina makaranta da ɗakin shan magani. Ɗan sarkin da ya iya Turanci, ya iya lissafin kasafi, ya kuma san yadda ake amsa tambayar Razdan da Di'o, ya riga ya tsere wa 'yan'uwansa a idon masu mulkin lokacin.

Hakimin Kalgo

A 1945 aka naɗa Haruna hakimin Kalgo da sarautar Sarkin Gobir, ya riƙe ta har shekara tara. Kalgo tana kusa da Birnin Kebbi, a kan hanyar Bunza. Ƙasa ce ta fadama da tudu, inda manoman shinkafa da gero suke zaune kafaɗa da kafaɗa da Fulani makiyaya. Garuruwa irin su Dangoma da Gayi da Diggi da Zuguru da Nayelwa, waɗanda a yau suke cikin ƙaramar hukumar Kalgo, a irin wannan shimfiɗa suke.

Ga mutumin ƙauye irin Dangoma a wancan zamani, hakimi shi ne fuskar gwamnati. Ta hannunsa da dagatai da masu unguwanni ake ƙidayar masu biyan haraji. Da damina ake bin rugage ana ƙirga shanu don jangali. Idan shanu sun yi ɓarna a gona, ko an toshe burtali, ko an yi jayayya kan iyakar fadama, wurin dagaci ake fara zuwa, in ta gagara a wuce wurin hakimi, in ta ƙi a je gaban alƙali. Hakimi ne kuma yake tara mutanen aikin hanya, yake nemo yaran da za a sa makarantar boko, yake kai rahoton annoba ko fara.

Tsarin yana da sauri, yana kuma kusa da jama'a, amma talaka ba shi da inda zai kai ƙara cikin sauƙi idan mai riƙe da shi ya zalunce shi. Wannan ne ya sa a watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul. A cikin watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗauki yaƙi da zaluncin En'e a matsayin babban aikinta. Kafin Haruna ya bar Kalgo, an soke tsarin da ya mayar da sarki shi kaɗai hukuma, an wajabta masa yin aiki tare da majalisarsa.

Sarki a zamanin jam'iyyu

Da Sarki Yahaya ya rasu a 1954, Haruna ya gaji baffansa yana da shekara 41. A cikin shekarar ce Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa, aka kuma kafa sabuwar dokar En'e. Wato sabon sarki ya hau ne daidai lokacin da iko ya fara sauka daga hannun Razdan zuwa hannun ministocin jam'iyyar NPC a Kaduna.

A jerin girma na sarakunan Arewa, Sarkin Gwandu ne na uku, bayan Sarkin Musulmi da Shehun Borno, kafin Sarkin Kano. Majalisar Sarakuna, wadda aka kafa a ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, tana zama ne a zauren Lugga da ke Kaduna, kuma da farko Baturen da ke mulkin Arewa ne yake shugabantar zamanta. Daga 1957 Haruna ya karɓi kujerar, ya riƙe ta har zuwa 1966.

Majalisar tana da aiki na haƙiƙa. Ita ce zaure na biyu na majalisar dokokin Arewa: doka sai ta bi ta Majalisar Wakilai da ta Sarakuna kafin gwamna ya sa hannu, idan an samu saɓani kuma a yi zaman haɗin gwiwa. Duk sarki mai daraja ta ɗaya yana da kujera a cikinta. Wasu sarakunan, irin su Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da Sarkin Katsina Usman Nagogo, ministoci ne marasa ma'aikata a majalisar zartarwa. A lokacin shugabancin Haruna ne Arewa ta samu mulkin kai a ranar 15 ga Maris, 1959, aka kuma zartar da kundin dokokin laifuffuka da ya sauya yadda kotunan alƙalai da na sarakuna suke hukunci.

Sai dai girman zauren bai hana sarakuna sanin inda ƙarfi yake ba. Kwamitin da yake ba da shawara kan naɗi da tuɓe sarakuna, Firimiya ne yake shugabantarsa. A 1963, bayan binciken da Muffett ya yi kan kuɗin En'e ta Kano, aka tilasta wa Sarki Sanusi yin murabus, aka kai shi Azare. Idan haka ta faru da sarkin masarauta mafi arziki a Arewa, sauran ba sa buƙatar ƙarin bayani. Haruna ya ratsa wannan zamani ba tare da ya yi karo da Kaduna ba, ya samu lambobin girma na CBE da CMG daga Birtaniya, da CFR daga Najeriya.

Yadda iko ya zube

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma rushe dukkan majalisun dokoki, har da wadda Haruna yake shugabanta. Ba a sake kafa ta ba. Abin da ya biyo baya ya zo ne daki-daki.

A 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Gwandu ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Tsakanin 1967 da 1970 aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yari, aka kuma narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka kuma yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi, wanda ya binne En'e baki ɗaya. Baitulmalin da Haruna ya taɓa riƙewa ya koma hannun shugabannin ƙananan hukumomi, majalisar sarki ta zama ta ba da shawara. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta ɗora amanar filayen kowace jiha a wuyan gwamna.

Tsarin mulkin 1979 ya bar wa sarakuna 'yar kafa: kowace jiha tana da majalisar sarakuna, tana kuma tura wakili ɗaya Majalisar Magabata ta Ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya toshe wannan kafar ma.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe. A Sikotlan, bayan yaƙin Culloden na 1746, majalisar Birtaniya ta ƙwace kotunan gado daga hannun shugabannin dangi da masu sarauta, ta biya su diyya. Suka ci gaba da tura wakilai 16 zuwa majalisar masu sarauta ta Landan daga 1707 har 1963, shekarar da ɗaya daga cikin masu sarautar Sikotlan, Lord Home, ya ajiye sarautar gidansu don ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga zauren zaɓaɓɓu. A 1999 aka rage masu kujerar gado a majalisar zuwa 92. Bambancin shi ne, a can mai sarauta ya rasa iko amma sarautar tana bin ƙa'idar gado, babu minista da zai wayi gari ya tuɓe shi. A arewacin Najeriya kuwa ikon ya tafi, rawanin kuma ya rage a hannun wanda ya karɓe ikon.

Akwatuna 53

Sunan Haruna ya fi shiga bakin 'yan jaridar Legas ne a 1984, lokacin yana da shekara 71. A watan Afrilu gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da umarnin a binciki kayan kowane matafiyi, don kada waɗanda suka fitar da kuɗi waje su dawo da su a canza. Ana cikin haka labari ya fito cewa an wuce da akwatuna 53 ta filin jirgin saman Murtala Muhammed ba tare da jami'an kwastan sun buɗe su ba, a jirgin da ya ɗauko Sarkin Gwandu daga Saudiyya. Wanda ya je tarbarsa ɗansa ne, Manjo Mustafa Jokolo, dogarin shugaban ƙasa. Shugaban kwastan na filin jirgin a lokacin shi ne Atiku Abubakar.

Bayanin da ɓangaren Buhari ya riƙa bayarwa shi ne, mafi yawan kayan na iyalin wani jami'in diflomasiyya ne da yake dawowa gida daga aiki. Babu kotun da ta taɓa tabbatar da cewa kuɗi ne a cikin akwatunan, ba a kuma gurfanar da sarkin ba. Duk da haka maganar ta ƙi mutuwa, musamman da yake a cikin shekarar aka ɗaure mawaƙi Fela Kuti shekara biyar kan laifin kuɗin waje. Duk lokacin da Buhari ko Atiku ya tsaya takara sai an tono ta.

Lamarin ya nuna irin ƙarfin da ya rage wa gidajen sarauta bayan 1976, wato ƙarfin dangantaka da masu riƙe da gwamnati, ta hanyar 'ya'yansu da suke cikin soja da aikin gwamnati. Ƙarfi ne mai rauni. Gwamnatin nan dai ita ce ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife fita daga ƙasashensu har wata shida saboda sun je Isra'ila. Da aka hamɓarar da Buhari a ranar 27 ga Agusta, 1985, an kama Jokolo an tsare shi, ya kuma bar soja da muƙamin Manjo.

A ranar 27 ga Agusta, 1991, Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama hedikwata. Haruna ya zama shugaban majalisar sarakunan sabuwar jiha mai masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Gwamna ya zama maƙwabcin fada. Bayan shekara huɗu Allah Ya yi masa rasuwa. Akwai kwaleji da titi masu ɗauke da sunansa a Birnin Kebbi.

Magada biyu, rawani ɗaya

Jokolo ya gaji mahaifinsa a 1995 a matsayin sarki na 19. Halinsa ya sha bamban da na mahaifin: mutum ne mai faɗin abin da ke ransa a bainar jama'a. A 2005 yana cikin shugabannin Musulmi da suka fito fili suka zargi gwamnatin Obasanjo da danne Musulmi a rabon wakilan taron gyaran siyasar ƙasa. A ranar 3 ga Yuni na shekarar, gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta tuɓe shi, tana zarginsa da kalaman da za su iya barazana ga tsaro, da rashin jituwa da sauran sarakuna, da barin fada ya tare a Kaduna. Aka kai shi Jihar Nasarawa, ya zauna a garin Obi. Gwamnan da ya sa hannu ɗan Aliero ne, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi goma na masarautar Gwandu.

Wanda aka naɗa a madadinsa shi ne Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, ɗan gidan Basharu shi ma, Manjo Janar mai ritaya, wanda aka sani a soja da Muhammadu Jega. Sau biyu yana gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola, daga 1976 zuwa 1978, da kuma daga 1984 zuwa 1985. Ke nan mutanen biyu sun yi aiki a gwamnatin Buhari lokaci guda, ɗaya dogari, ɗaya gwamna.

Jokolo ya tafi kotu. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa korar sarkin da aka tuɓe zuwa wani gari da tsare shi a can ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci ya zama madogara ga wasu; irin matsayin da Babbar Kotun Tarayya ta ɗauka ke nan a 2021 kan kai Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu garin Awe. A watan Disamba na 2014 Babbar Kotun Jihar Kebbi ta ce tuɓewar kanta ba ta bi ƙa'ida ba, domin ba a yi binciken da doka ta tanada ba, ta ba da umarnin a mayar da shi. A watan Afrilu na 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da hakan.

Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin biyun a 2025. Mai Shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta hukuncin masu rinjaye, ya ce dokar naɗi da tuɓe sarakuna ta jihar ta wajabta wa mai ƙorafi ya fara kai kukansa wurin gwamna kafin ya je kotu, kuma tunda ba a yi haka ba, babbar kotu ba ta da hurumin sauraren ƙarar tun farko. Alƙalai biyu ba su yarda ba. Hukuncin ya tabbatar da Sarki Muhammad Iliyasu Bashar a kan gado. Bai taɓa tambayar ko an yi adalci a tuɓewar 2005 ba.

Abin da ya rage

A yau Sarkin Gwandu yana shugabantar majalisar sarakunan Kebbi, yana ba da sarautu, yana jagorantar hawan salla, gwamnati da hukumomin lafiya suna neman bakinsa a kan rigakafi da tsaro. A Dangoma da sauran garuruwan Kalgo, inda a yanzu Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take da mazauninta, har yanzu rikicin gona da na aure da na gado yakan fara ne daga zauren mai unguwa da dagaci kafin a yi maganar 'yan sanda. Amma kuɗin tafiyar da masarauta daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, takardar naɗi da sandar girma kuma gwamna ne yake miƙawa. Abin da ya faru a Kano, inda aka raba masarauta gida biyar a 2019, aka tuɓe sarki a 2020, aka rushe dokar aka dawo da shi a 2024, ya nuna cewa ba Gwandu kaɗai abin ya shafa ba.

Duk lokacin da majalisar tarayya ta buɗe batun gyaran tsarin mulki, sai an kawo shawarar a ba sarakuna gurbi. Masu goyon baya suna cewa su ne suka san jama'a, kuma rashin tsaro ya ƙaru tun da aka ture su gefe. Masu adawa suna tuna abin da NEPU ta yi yaƙi da shi, suna tambayar dalilin ba wanda ba a zaɓa ba iko a jamhuriya. Haruna Rashid ya rayu a cikin tsarin biyu: wanda sarki yake da iko ba tare da talaka yana iya tuhumarsa ba, da wanda sarki ba shi da iko kuma gwamna yake iya tuɓe shi. Duk shawarar da za a kawo, tambayoyin da tarihin gidansa ya bari guda huɗu ne: wa yake naɗa sarki, wa yake tuɓe shi kuma bisa wace ƙa'ida, wa yake biyansa, kuma a gaban wa talakan Dangoma zai kai ƙararsa idan aka zalunce shi.